Yadda Jalaluddeen Ya Mai da Kawu Bahago

Ke Zulaikha, bakinki ba ya gajiya ne? Tun la'asar kike bina kamar kaza ta ga mai tsaba. Ina ruwanki da dalilin da ya sa ake ce wa yayanku Jalaluddeen Injiniya Bahago? A zamaninmu, in yarinya ta tambayi abin da ya shafi babba, ludayi take fara sha a ka kafin ta sha amsa. Ga kwanukan da na ce ki wanke can, ƙudaje sun buɗe kasuwa a kai. To, tunda kin tono, zauna ki ji. Kai Hussain, sauke ƙafarka daga kan buhun kalwata, don a kanta ma aka yi rigimar.

Kun san gonarmu ta bakin hanyar Gwiwa. In ka tsaya a kan hanya ka fuskance ta, tamu ce a dama, ta Malam Sheriff a hagu, ga ɗorawa a tsakani. Wannan ɗorawar ita ce daddawata. Shekara arba'in ina dafa kalwarta, kuma daga nan har Roni ba macen da za ta ce miyarta ta fi tawa ƙamshi. Ubanmu ne ya bar mana gonar, ni da yayana Muhammadu Lawal, wanda kowa a garin nan yake kira Kawu, Allah ya jiƙansa.

Da Kawu ya ji jikinsa ya fara yin sanyi, sai ya ce a kira masa mai ɗaukar hoto ya nuna iyaka tun yana da ƙafa. Aka kira Martina daga Kazaure, wadda take ɗaukar bidiyon biki. Aka aika wa Sheriff ya zo ya tsaya, ya ce yana da suna a Yankwashi. Martina ta kafa na'urarta a bakin hanya, Kawu ya tsaya a gindin ɗorawa ya yi bayaninsa. Hoto ya fito tar, har furfurar gemunsa kana iya ƙirgawa. Ta zuba shi a cikin ɗan abin nan kamar farcen yatsa, memori.

Kawu ya rasu da kaka. Ɗorawa tana fara fure, Sheriff ya aiko a gaya mini wai itacen nasa ne, kada in taɓa. Na ɗaura gyalena na tafi wurin Dagaci.

Dagaci ya ce, "Hajja, na ji kina da shaida a memori. Amma ni ba zan yanke magana da abin da ake leƙawa a tafin hannu ba. Dattawan nan rabinsu ba sa ganin allura. A nemo babban gilashi inda mutum goma za su gani tare. Ran Alhamis da hantsi."

Babban gilashi guda ɗaya ne a garin nan, kwamfutar Malam Toma hedimasta. Fara ce, mai ƙatuwar ƙeya kamar tulu, kuma ta girme ku duka. Ran Litinin muka je makaranta gwaji. Malam Toma ya tayar da janareta ya saka memori. Kwamfuta ta yi nishi, ta yi tunani, ta nuna fuskar Kawu baki buɗe, daga nan ta sandare.

Malam Toma ya ce, "Mama, hoton nan na zamani ne, ya fi ƙarfinta. Sai an juya shi zuwa irin wanda take iya karantawa. Ki koma wurin Martina."

Sai muka ji murya daga taga. "Martina? Ina raye?"

Yayanku ne, jikan nan nawa. Lokacin bai fi wata ɗaya da dawowa daga Babura ba, inda ya yi mako uku a rumfar wani mai cajin waya yana tura wa mutane waƙoƙi. Ya dawo da baƙin tabarau da wata jaka da ba a taɓa ganin ya buɗe ta ba.

Ya shigo ya ce, "Haba uwargida, kin manta wa kike aure? A Babura har daga Nijar ake bin layi a gabana da sefa a hannu. Akwai kwamfutar da ta suma kwana uku, ina taɓa ta ta yi atishawa."

Na ce, "Mijin banza, wanda ko ƙofar akurkin kaji ya kasa gyara mini."

"Akurki aikin kafinta ne. Wannan aikin ƙwaƙwalwa ne. Bari in yi miki bayani yadda za ki gane. Hoton nan tsaba ne. Kwamfutar Malam Toma tsohuwa ce, ba haƙori. Niƙa shi zan yi ya zama gari, ta haɗiye."

Wannan ita ce magana ɗaya mai hankali da ya yi a duk makon. Uwarsa Rahamatu ta bi ni har gida tana roƙo, wai in bar yaro ya nuna kansa, ko ya samu a san shi a gari. Na ce to. Na kwance bakin zanina na ba shi memori ɗaya. Ku riƙe wannan kalmar, ɗaya.

Ran Talata da safe ya ɗebo wani abu daga wayarsa ya ɗura wa kwamfuta. Ya kama ɗan abin nan mai wutsiya da suke kira ɓera yana ta dannawa. Wani koren layi ya fito a gilashi yana tafiya kamar hawainiya mai ciwon ƙafa.

Ya ce, "In ya kai bango, an gama."

Kafin ya kai rabi, man janareta ya yi ƙasa. Ya ruga wurin mai injin niƙa ya ce masa aikin Dagaci ne na gaggawa, ya ɗauke masa galan. Injin niƙa ya tsaya. Ba a jima ba sai ga matan unguwa da ƙorensu na gero a ka, Ummi Kulsum maƙwabciyarmu a gaba.

Ta ce, "Kai Jalalu, tuwon dare a gilashin za mu tuƙa shi?"

"Inna, ki yi haƙuri, ni ma niƙa nake yi."

"To ina garin?"

Kafin ya ba ta amsa, sai wani wari ya tashi kamar an ƙona takalmin roba. Kwamfuta ta yi zafi, ka aza ƙwai a ƙeyarta ya soyu. Ya ce wa matan su taimaka da fifita. Suka ajiye ƙore, wannan da mafici, wannan da faifai, Ummi Kulsum da gefen mayafinta, ana yi wa kwamfuta fifita kamar mai naƙuda. Ya jiƙo buhu zai lulluɓa mata yadda ake yi wa randa, Malam Toma ya riƙe masa hannu.

"Jalaluddeen, in ɗigo ɗaya ya shiga cikinta, ni da kai ne."

Koren layi ya yi ta rarrafe har la'asar. Saura ɗan abin da bai kai faɗin ƙwayar wake ba ya taɓa bango, janareta ta yi tari sau biyu ta mutu. Gilashi ya yi baƙi.

Jalaluddeen ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ya ce, "Da ma gwaji ne."

A daren nan gidaje goma sha suka kwana da kunu.

Ran Laraba ya hau babur ya je Roni ya aro wata wayar wuta da fanka, ya sayo mai, aka sake kafawa. Wannan karon layi ya kai bango. Ya fita ƙofar makaranta yana kiran mutane su zo su ga aiki. Aka cika aji. Ya danna. Muryar Kawu ta fito ras, amma gilashi baƙi ƙirin. Wata tsohuwa ta yi salati ta fita da gudu ba takalmi.

Ya ce, "Rabin aikin ke nan. Murya ta riga ta shiga."

Ya sake. Hoto ya fito, amma bai fi kwalin ashana ba, a can tsakiyar gilashi, kuma Kawu ya zama gida-gida kamar an saƙa shi a tabarma.

Ummi Kulsum ta matsa ta ƙura ido. "Wanne ne Kawu, wanne ne ɗorawa?"

"Mai motsin shi ne Kawu."

"Ai duka suna motsi."

Na ce, "Ka niƙa ya wuce gari, ya zama ƙura."

Ya sake. Wannan karon hoto ya cika gilashi, kowa ya ce madalla. Sai Kawu ya zabura. Mutumin da yake tafiya da sanda, wanda daga zaure zuwa masallaci sai ya huta sau biyu, ga shi yana zagaye ɗorawa da gudu kamar an sako masa kare, yana magana da muryar ɗan tsako. Yara suka faɗi ƙasa don dariya. Liman da ya leƙo ta taga ya ce, "Ikon Allah, ashe marigayi yana da sauran ƙarfi haka."

Ni ban yi dariya ba. Yayana ne.

Ya sake. Gudu ya daina, murya ta dawo daidai, amma yanzu Kawu a kwance yake a gefe ɗaya, ɗorawa ma a kwance, sama tana bango.

Jalaluddeen ya ce, "Wannan ai mai sauƙi ne." Ya rungumi gilashin zai kwantar da shi a kan haƙarƙarinsa.

Malam Toma ya ce, "Ajiye mini kayana."

"To Malam, sai dai dattawan su kwanta."

"Ka gaya wa Dagaci haka da bakinka."

Ya ajiye. Ya ce akwai wasu madannai da bai taɓa ba tukuna, masu juya hoto sama da ƙasa, gaba da baya, zai bi su ɗaya bayan ɗaya har Kawu ya miƙe. Ya rantse mini kafin hantsin gobe komai zai zauna daram.

Ni ban taɓa zama a aji ba, ko sunana ban iya rubutawa ba. Amma na san mai gyara, na san mai lalube. Na ja Malam Toma gefe na ce ya rubuta mini sunan kwamfutarsa da shekarunta a takarda, kamar yadda ake rubuta wa mara lafiya in za a kai shi asibiti. Ya kalle ni ya yi murmushi ya rubuta.

Ran Alhamis ina idar da sallar asuba na hau acaɓa sai Kazaure. Na tarar Martina tana buɗe shago. Na gaya mata komai. Ta dafe kai.

Ta ce, "Mama, wace irin kwamfuta ce?"

Kun ji tambayar da yayanku bai taɓa yi ba a kwana uku. Na miƙa mata takarda. Ta karanta ta ce, "Ayya, kakar kwamfutoci." Ta aika aka sayo mini koko da ƙosai. Kafin in kai ƙarshen kofi ta gama, ta zuba a faifai mai ƙyalli, ta jawo wata tsohuwar kwamfuta daga ƙarƙashin tebur ta gwada a gabana, na ga yayana a tsaye da sandarsa yadda na san shi. Na sa faifai a cikin gyale na ɗaure.

A hanyar dawowa taya ta yi faci. Kafin a liƙe, rana ta ɗaga. Da na iso makaranta an riga an zauna. Dagaci a kan kujerar hedimasta, dattawa a kan bencin yara gwiwoyinsu na taɓa haɓa, Sheriff da 'yan'uwansa a gefe, mata a taga. Ga yayanku a gaba cikin shadda mai sitaci, tabarau a fuska a cikin ɗaki, yana jawabi.

"Ranka ya daɗe, abin da za ku gani yanzu, a Kano ma mutum uku ne suka iya shi, kuma biyu sun tsufa."

Dagaci ya ce, "Danna mana, ɗana."

Ya danna. Wallahi sai da na ji wani abu a raina, don hoto ya fito a tsaye, ba gudu, ba muryar tsako. Kawu a gindin ɗorawa. Jalaluddeen ya waiwayo ya ɗaga mini gira.

Kawu ya yi gyaran murya ya ce, "Daga gindin ɗorawar nan, a ƙirga kunya huɗu ta wannan ɓarin. Nan iyaka take." Ya miƙa hannu.

Ya miƙa shi cikin gonarmu.

Kun gane abin da wannan yake nufi? Ɗorawa ta tafi, ta kuma ja kunya huɗu daga cikin tamu ta tafi da su. Sheriff da ya zo neman itace kawai, ga shi an ƙara masa da ƙasa. Ya miƙe tsaye hularsa na faɗuwa.

"Allahu akbar! Mamaci ba ya ƙarya! Ranka ya daɗe, shaidarsu ce, ba tawa ba!"

Rahamatu ta ce daga taga, "Jalalu, me ka yi?"

Kuna tsammani zai ce an samu kuskure? Ya gyara wuyan riga ya ce, "Inna, kwamfuta ba ta son kai. Abin da aka ba ta shi take fitarwa. Aikina ba gyara a cikinsa."

Gonar kakarsa tana tafiya, shi yana kare aikinsa.

Dagaci ya dube ni ya ce, "Hajja, kin gani da idonki. Kina da magana?"

Faifai yana cikin gyalena, amma na san in na fito da shi a lokacin, Sheriff zai ce na je Kazaure an gyaro mini ƙarya. Kuma na riga na ga wani abu. Shekara saba'in na san yayana, ko kare bai taɓa nunawa da wannan hannun ba.

Na ce, "Ranka ya daɗe, a bar shi ya kai ƙarshe. Akwai baƙo a gaba."

Aka ci gaba. Ranar da aka ɗauki hoton, bayan Kawu ya gama bayani, Dagaci ya zo wucewa a babur, ya tsaya su gaisa. Sai ga shi ya shigo gilashi da rawaninsa. Mutane suka ce, "Ga Dagaci, ga Dagaci!" Shi ma ya gyara zama yana murmushi, don bai taɓa ganin kansa a gilashi yana tafiya ba.

Dagacin cikin gilashi ya rusuna, ya miƙa wa Kawu hannun hagu. Kawu ya karɓa da hagu. Kawu ya ciro goro ya ba shi da hagu. Dagaci ya karɓa da hagu, ya ɓare, ya jefa a baki da hagu.

Murmushi ya bar fuskar Dagaci. Ya ce, "Tsayar."

Jalaluddeen ya tsayar, daidai inda goro yake shiga baki.

"Ni ne wannan?"

"Kai ne, ranka ya daɗe. Ka ga yadda ka fito fes."

"Ni zan ba sa'an ubana hannun hagu? Ni zan ci goro da hagu a gaban dattijo? Uban wa ya rene ni?"

Liman ya ce, "Kuma marigayi, shekara talatin muna cin tuwo kwano ɗaya, yaushe ya zama bahago?"

Wani dattijo ya matsa ya ce, "Ku duba aljihun rigarsa ma ya ƙaura."

Malam Toma ya rufe baki da hannu, kafaɗunsa na rawa. Da ya samu numfashi ya ce, "Ranka ya daɗe, ya juya hoton ne kamar madubi. Dama ta koma hagu, hagu ta koma dama. Da mutane, da gona, duka."

Jalaluddeen ya ce, "A ƙasashen waje haka ake..."

Dagaci ya ce, "Rufe mini baki. Kawo na asalin."

Sitacin shadda ya fara laushi. Ya ce, "Ranka ya daɗe, wurin ne ya cika. Na ga tunda an samu sabo mai kyau, tsohon ba shi da amfani, sai na..."

"Sai ka me?"

"Na goge."

Rahamatu ta saki salati. Sheriff ya ɗauki hularsa ya kakkaɓe ya ce, "To, tunda babu wani, sai a yi aiki da wanda ake da shi."

Nan na tashi. Na ce, "Malam Sheriff, kai manomi ne. Ka taɓa kai gero injin niƙa ka haɗa har da iri?"

Ya ce, "Wane mahaukaci ne zai niƙa iri?"

"To ni ma ba mahaukaciya ba ce."

Tun ranar da Martina ta ɗauki hoton na ce ta zuba mini a memori biyu, ɗaya na ci, ɗaya iri. Na irin yana cikin tukunyar da nake ajiye irin wake, cikin toka, ko Rahamatu ba ta sani ba. Shi na kai Kazaure. Na kwance gyale na ajiye faifai a gaban Dagaci, na ajiye memori a gefensa, na ce duk mai shakka ya sa a wayarsa ya gwada da na faifan.

Malam Toma ya saka faifai. Tsohuwar kwamfuta ta haɗiye shi ba ko tari. Kawu ya ce, "A ƙirga kunya huɗu ta wannan ɓarin," ya miƙa hannunsa na dama, cikin ɓarin Sheriff, yadda ubanmu ya bar iyakar. Dagaci ya ƙura ido har ya ga kansa ya ba da hannun dama, ya karɓi goro da dama. Sannan ya sauke numfashi ya ce, "Yawwa. Wannan ne ni."

Ɗan Sheriff ya sa memori a wayarsa ya duba, ya rusuna ya yi wa ubansa magana a kunne. Sheriff ya ce shi da ma bai ƙi gaskiya ba, ƙamshin daddawar ne yake tsone masa hanci duk shekara ba a san da shi ba. Na ce wannan ai da ya faɗa tun farko. Har yau in na yi daddawa ina aika masa da ƙulli biyar, ban taɓa ƙarawa ba, ban taɓa ragewa ba.

Ana fitowa, yayanku ya tare ni a ƙofa, tabarau a hannu. Ya ce, "Uwargida, kin lura dai ni na sassauta wa kwamfutar maƙogwaro. In ba don aikin da na yi mata kwana uku ba, da faifan nan bai shige ba."

Ummi Kulsum ta ce, "Sannu Injiniya Bahago." Kafin ya kai gida yara sun riga shi kai sunan.

Da ɗorawa ta nuna, shi na sa ya hau ya kaɗo ta, shi ya sussuka, shi ya wanke kalwa a rafi har hannunsa ya yi fari. Na tsaya a kansa na tabbatar da dama yake yi.

To kin ji, sarkin tambaya. Kuma in na ji kin kira shi da sunan nan a gabansa, ni da ke ne, don yayanki ne ko ba komai. Hussain ya riga ya yi barci a kan buhuna, ku ɗaga shi kada ya jiƙa mini kalwa da yawu. Ku tashi ku ba ni wuri, kowa ya nufi shimfiɗarsa. Ke kuma kwanukan nan suna jiranki da safe, ba inda za su.